Haƙorin Makkan Ummusalma

Duk wanda ya san kasuwar Taminus ta Jos kafin gobara ya san shagon Hajiya Ummusalma a layin 'yan atamfa. Leshi ne, shadda ce, atamfa 'yar Holan ce, an jibge su har rufi, ga 'yan mata uku suna awo suna ninki, ita kuwa tana kan kujera mai hannu tana ba da umarni. Wanda bai riski wancan zamanin ba, abin da zai gani yau shi ne wata dattijuwa a kan benci a bakin titi, ta kasa dankalin Turawa da karas a gabanta, bayanta kangon kasuwar da wuta ta cinye tun shekarar dubu biyu da biyu. Shekara ashirin da biyu ke nan tana juya wa kangon nan baya. Da gangan take yi, ba ta ƙaunar ganinsa.

Wutar ta lashe komai, amma akwai abu ɗaya da ba ta kai gare shi ba, don a bakinta yake. Wata goma sha ɗaya kafin gobarar, Ummusalma ta sauke farali da guminta, ba kujerar gwamnati ba, ba ta miji ba. Bayan an sauko daga Arfa ta bi ayarin matan Jos zuwa wani ɗan ɗaki a bayan masaukinsu, inda wani mutum mai farin gemu ya kankare mata haƙori ɗaya na sama, wanda ke maƙwabtaka da fiƙar dama, ya sa masa rigar zinare. Shi ne haƙorin Makka, shaidar da alhazan wancan lokaci ke dawowa da ita don kada kowa ya tsaya tambaya. Haƙorin dama can matacce ne. Shekara biyu kafin tafiyar ya hana ta sakat, wani likita a nan Jos ya huda shi, ya cire jijiyar, ya wanke ramin ya yi ciko. Ciwo ya tafi, amma haƙorin ya dushe ya yi toka-toka, shi ya sa da aka ce ta zaɓa ta nuna shi.

Har murmushi na musamman ta ƙirƙiro masa. Mai saye zai tsaya ya ce, "Mama, zuba mini dankali," sai ta ɗan ɗaga leɓen sama ta gefen dama, zinare ya yi wal, nan take mutum ya gyara harshe: "Au, Hajiya, yi haƙuri." To wannan 'yar kalmar ce abincinta. Mijinta Malam Lukuman ya rasu, gidan da suka gina ya bar hannunsu, ta koma ɗaki da falo a unguwar Kongo-Rasha, sarƙoƙi da awarwaro suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Haƙorin ne kawai bai je ko'ina ba.

A farkon daminar bana wani ɗan ƙurji ya fito mata a dasashi, daidai saman zinaren. Bai fi ƙwayar gero ba. Ya kumbura, ya fashe, ta ji gishiri-gishiri a baki, ya lafa, bayan mako guda ya dawo. Tunda ba wani ciwon a zo a gani yake yi ba, ta share shi. Ekwutosi ce ta ƙi sharewa. Ita ce maƙwabciyarta a bakin titi, Inyamura mai sayar da busasshen kifi da ganyen ugu, wadda ita ma shagonta na takalma ya tafi a wutar nan. Tare suka tsaya suna kallon hayaƙi ranar, don haka babu abin da ɗaya ke jin nauyin faɗa wa ɗaya.

"Hajiya, ba zagi ba ne," in ji Ekwutosi da Hausarta ta kasuwa, "amma bakinka yana wari."

"Kifinki ne ke wari, kike neman ɗora mini."

"Kifina na san warinsa shekara ashirin. Wannan ba shi ba ne. Je ka asibiti, abeg."

Ummusalma ta yi tsaki, amma da ta juya ta hura numfashi a tafin hannu ta sansana, sai ta yamutsa fuska.

A makon ne kuma Binta ta zo sallamar tafiya aikin Hajji. Binta ɗaya ce daga cikin 'yan matan nan uku na shago, wadda aka kawo daga Bukur ko almakashi ba ta iya riƙewa ba. Ummusalma ce ta koya mata awon yadi, ta koya mata yadda ake lasar gefen atamfa a gane 'yar Holan ta gaskiya da ta jabu. Yau Binta na da shaguna biyu a cikin gari. Ta ajiye mota a tsallaken titi, ta tako cikin taɓo da takalminta mai tsada, ta durƙusa har ƙasa a gaban kashin dankali.

"Hajiya, jibi za mu tashi in Allah ya yarda. Na zo ki yafe mini, ki sa mini albarka."

Ummusalma ta yafe, ta sa albarka, ta ce a gaida Ma'aiki, har da ɗora hannu a kai. Amma kada mu ɓoye wa juna, hassada ce ta turniƙe ta, irin wadda mutum ke jin kunyar kansa a kanta. Tun motar ba ta ɓace ba ta fara hango ranar dawowa: gida cike da mata cikin leshi, turare na tashi, Binta a tsakiya tana dariya da sabon zinare a baki. Ita kuma mai dankali da me za ta shiga? Abu ɗaya gare ta da zai yi magana a madadinta, ya ce wa duk wadda ke ɗakin, na riga uwar gidan nan zuwa da shekara ashirin da uku.

Kwana biyu bayan tashin alhazai ƙurjin ya dawo, wannan karon da zugi. Babban ɗanta Sharafaddeen, mai tuƙa Keke Napef, ya ƙi fita aiki sai da ta shiga ya kai ta wani ɗan asibitin haƙori a Anguwan Rukuba, a saman bene. Likitar mace ce, 'yar Filato, Dokta Loyis, wadda a ido ko Sharafaddeen ya girme ta. Ta duba, ta ƙwanƙwasa haƙorin da gindin ƙarfe har Ummusalma ta zabura, ta ɗauki hoto, sannan ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Mama, kin ga wannan farin layin a cikin saiwa? Shi ne cikon da aka yi miki tun da. Duba, bai kai ƙarshe ba, ya tsaya a hanya. Wannan baƙin da ya kewaye bakin saiwar kuma, ƙashi ne da ƙwayoyin cuta suka ci."

Mama! Baki a wangale, fitila na haska zinare, amma yarinyar nan ta ce Mama. Ummusalma ta haɗiye wannan, ta ce, "Wace ƙwayar cuta kuma? An kashe haƙorin nan tun kina firamare. Abin da ya mutu yana ciwo ne?"

"Haƙorin ya mutu, amma su ba su mutu ba," in ji likitar. Ta ɗauko takarda ta zana mata. A cikin kowace saiwa akwai wata 'yar hanya siririya kamar zare, da ƙananan lunguna a gefenta. Idan wanki bai kai ko'ina ba, ko ciko bai toshe har ƙarshe ba, wasu ƙwayoyin sukan maƙale su yi lamo, shekara da shekaru, ba ka jin komai. Ga shi kuma bakin zinaren ya buɗe ta wajen dasashi, yawu da burbushin abinci na bi ta ƙarƙashi, ana kai musu abinci har gida, wasu sababbi na ƙaruwa. Ƙurjin nan da take gani, ƙofa ce da mugunya ta huda wa kanta.

"To a ba ni kafso mana."

"Kafso a jini yake tafiya, Mama, jini kuma ba ya shiga haƙorin da aka cire wa jijiya. Zai sauke kumburi na 'yan kwanaki, su kuwa suna ciki abinsu. Sai dai a sake aikin daga farko. A cire tsohon cikon, a wanke ramin sosai, a sa magani a rufe na mako biyu, sannan a cike shi har ƙarshen saiwa, a yi masa sabuwar riga. Zuwa biyu ko uku ne. Haƙorin zai tsira, amma ruɓa ta ci bangonsa, ya yi siriri. Ina so mu fara cikin makon nan."

Har Ummusalma ta fara gyaɗa kai, sai kalma ɗaya ta dawo mata. "Sabuwar riga? Wannan fa?"

"Wannan dole a cire shi."

"A cire a mayar."

"Ba zai mayu ba. Yadda aka manna shi, in na ja shi da ƙarfi haƙorin zai biyo shi. Sai na yanka shi gida biyu na ɓare."

"Ki huda ta baya, inda ba a gani."

"Da bakinsa a rufe yake ruf, da haka zan yi. Amma ruɓar a ƙarƙashinsa take, ba zan bar ta in rufe ba." Likitar ta ɗan sassauta murya. "Zan iya sa a yi miki wani mai ruwan zinare. Babu wanda zai gane."

Ummusalma ta yi wata dariya marar daɗi. "Haƙorin Makka na Anguwan Rukuba! Ni zan gane, 'yar nan. In riƙa buɗe baki ina yi wa mutane ƙarya ba tare da na ce uffan ba?" Ta sauko daga kujerar tana gyara mayafi. "Zan dawo. Bari alhazai su dawo tukuna."

"Yaushe ke nan?"

"Kwana arba'in da 'yan kai."

Dokta Loyis ta dubi Sharafaddeen, ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ban yi miki alkawarin zai jira ki ba. In dai kin ƙi, to ki riƙe abu ɗaya: kada ki ciji komai da shi. Ko burodi."

A hanya, suna gangarowa cikin yayyafi, Sharafaddeen ya yi ƙarfin hali ya ce, "Umma, aikin hajjinki fa yana wurin Allah, ba a baki yake ba."

"Tuƙa kekenka," in ji ta. "Ranar da ka je ka dawo sai ka yi mini wa'azi."

Wallahi kwanakin nan arba'in ba ƙaramar azaba ta sha ba, kuma ita ta saya wa kanta. Kanumfari ta tauna har harshenta ya mutu. Ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Kafso kala-kala daga kemis ɗin bakin layi, in kumburin ya sauka ta ce ka gani, likitocin yanzu sai tsoratarwa, bayan kwana biyar ya dawo har gefen hanci. Ga sanyin daminar Jos, iska na bugowa daga kangon kasuwa, tana zaune ta naɗe rabin fuska da mayafi. Babbar Salla ta zo, Sharafaddeen ya kawo mata soyayyen nama, sai da ta daka shi a turmi kamar na ɗan yaye kafin ta tura ta gefen hagu. Komai ta hagu, a hankali, kamar mai tauna ƙaya. Likitar ta kira Sharafaddeen a waya har sau biyu, Ummusalma ta ce a ce mata ana gaisuwa.

Ekwutosi ta gaji da magana, ta ja bencinta ta ɗan matsa gefe. Wata rana dai ta kasa haƙuri.

"Hajiya, ni da kai mun ga shago ya ƙone, ba mu mutu ba. Wannan ɗan ƙarfe ne zai kashe ka?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane. Ni ma ina da makullin shagona har yau a jaka. Amma ban sa shi a baki ba."

Ummusalma ta ƙi kula ta har aka tashi. Abin haushin shi ne ɗaga leɓen ma ya koma ciwo, fatar wurin ta yi tauri, amma duk wanda ya ce Mama sai ta daure ta ɗaga. In ya ce Hajiya, ta ji zugin ya ɗan ragu.

Jirgin su Binta ya sauka ranar Alhamis, aka sa Asabar da hantsi don 'yan barka. Ummusalma ta buɗe ƙasan akwati ta ciro leshi ruwan goro, wanda shi kaɗai ya tsira daga kayan shagon, don ta kai shi gida ana jibi gobara. Ta turara shi, ta sha kafso biyu, ta cusa kanumfari a kunci. A gaban madubi ta goge zinaren da bakin mayafi har ya ɗauki ido, ta gwada murmushin sau uku. Kumburin ya sauka sosai ranar, ta ce wannan ma alama ce.

Gidan Binta a Rikkos ya cika maƙil, takalma har bakin ƙofa. Mata ne ko'ina, kan kujeru da kan kafet, 'yan mata na rarraba lemo. Binta na tsakiyar falo cikin farar doguwar riga, ta rame ta yi baƙi kamar kowane sabon alhaji, tana tarin nan da suke dawowa da shi. Tana hango Ummusalma ta miƙe tsaye da dariya, baki har kunne.

Haƙora farare tas, a jere. Babu zinare, babu azurfa, babu komai.

Ummusalma ta tsaya tana kallon bakin nan har ta manta da gaisuwa. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Ina haƙorin?"

"Wai, Hajiya!" Binta ta ƙara dariya tana tari. "Ai yanzu ba a cika yi ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ke tare da mu ma cewa ta yi yana ɓata haƙori. A ɗakinmu mu shida, babu wadda ta sa."

Wata yarinya a kusurwa, kanta a kan waya, ta ce wa ta kusa da ita, "Kakata na da shi. Na tsofaffi ne." Suka ƙyalƙyale a hankali. Ba da mugunta suka yi ba, ko kallonta ba su yi ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Binta ta kamo hannunta ta zaunar da ita a kan kujerar da ita kanta ta tashi, sannan ta ɗaga murya. "Jama'a, ga uwar ɗakina. Duk abin da kuka gani a hannuna, daga hannun matar nan ya fito. A bakinta na fara jin labarin Arfa ina ninkin atamfa, tun ranar na sa abin a raina. Da na tsaya a can, sunanta na fara kira bayan na iyayena."

Falo ya ɗauka. Sannu Hajiya, Allah ya saka, Allah ya maimaita. Wata dattijuwa ta miƙo hannu daga nesa ta ce ta tuna shagon, a can aka yi mata lefe. Ka ga dai an ba ta duk abin da ta zo nema, har da ƙari, kuma bakinta a rufe aka ba ta. Da mai sanyin zuciya ce, da nan ta tsaya ta gode wa Allah. Ina! Ummusalma ji ta yi kamar sadaka aka yi mata. Girman da Binta ta ɗauko ta miƙa mata a gaban jama'a, na Binta ne, gobe in ta ga dama ta hana. Ita nata take so a gani, wanda ta je ta samo da ƙafarta, wanda ta sha kwana arba'in da huɗu tana gadinsa.

Aka kawo tire, ƙananan kofuna na zamzam da tulin dabino busasshe.

"Hajiya ce za ta buɗe mana," in ji Binta, ta durƙusa ta miƙa mata.

Ido duk ya dawo kanta. Ta ɗauki dabino guda, ta yi bisimilla. Kwana arba'in da huɗu hannun nan yana kai komai gefen hagu, bai taɓa kuskure ba. Yau ma ba kuskure ya yi ba, tana sane. Ta ɗaga leɓe ta gefen dama, ta ɗora dabinon daidai kan zinaren yadda kowa zai gani, ta ce a ranta ɗan taɓawa kawai za ta yi. Dabinon ya yi tauri, ta ɗan ƙara ƙarfi, haƙori ya ratsa ya sami ƙwallon.

Ƙas!

A cikin kanta ta ji ƙarar, ba a kunne ba. Wani abu ya tsarga mata daga leɓe har ƙwayar ido, bakinta ya cika da ɗumi da ɗanɗanon da ta riga ta sani. Ta damƙe leɓɓanta. Ta ɗauki kofin zamzam, ta kurɓa ta gefe, ta haɗiye komai da komai. Mata suka ce ma sha Allah, tire ya wuce gaba, hira ta ɓarke a kan tsadar kaya a Madina. Ta ɗaga ido ta dubi kusurwa. Yarinyar nan har yanzu kanta na kan waya. A duk falon babu wadda ta nuna ta ga wani zinare.

Lahadi fuskar ta haye har idon dama ya ƙanƙance. Litinin da safe Sharafaddeen ya hau da ita benen Anguwan Rukuba. Dokta Loyis ta taɓa haƙorin da ɗan yatsa, ya yi lilo. Ta ɗauki hoto, ta daɗe tana kallo.

"Saiwar ta tsage daga sama har ƙasa."

"To ki yanka zinaren," in ji Ummusalma da kyar, maganar na fita ta gefe ɗaya. "Na yarda. Ki yanka gida goma ma in kin so, ki yi wankin."

"Babu abin da zan wanke yanzu. Saiwar da ta tsage ba ta haɗuwa, duk abin da na zuba zai zube, ƙwayoyin kuma sun sami babbar hanya. Sai cirewa."

"Jiya-jiya kika ce zai tsira."

"Mako shida ke nan, Mama."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ma ta ce ai na gaya miki, da Ummusalma ta sami wanda za ta yi faɗa da shi, ta huce. Amma yarinyar nan sai ta juya tana haɗa allura, ta bar ta da kanta. Hawaye ya gangaro ta gefen idon da ya kumbura ya shige kunne, tana kwance tana kallon fitila.

Aikin bai daɗe ba. Aka cusa mata auduga aka ce ta cije. Tana zaune tana jiran jiri ya sake ta, ta ji ruwa na zuba a famfo, sannan likitar ta dawo da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta sa mata a tafin hannu.

"Ga shi, Hajiya. Na ciro gutsuren haƙorin daga ciki. Ko ƙwarzane babu."

Yau ta ce Hajiya. Ummusalma ta buɗe ƙyallen. Ashe abin ɗan mitsitsi ne, ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Bayansa na sheƙi yadda ta goge shi ranar Asabar. Ta juya shi, cikinsa baƙi ƙirin, wankin famfo bai fitar ba, kuma ko daga nan tana jin ɗan warin da Ekwutosi ta faɗa. Likitar na bayani a kan cewa in wurin ya warke bayan wata uku za a iya yi mata na roba, fari, daidai da sauran. Ummusalma ta sake duban zinaren. Ta naɗe abinta ta ƙulle a haɓar zane.

Kwana tara ta yi a gida kafin ta koma bakin titi. Ekwutosi ta dube ta, ta dubi bakin, sai ta jawo bencinta ta dawo da shi inda yake da. Sabon dankali ya shigo daga Bokkos, manya-manya, da jar ƙasa a jiki. Ummusalma na cikin kasawa wani mutum ya tsaya da jaka a hannu, yana sauri.

"Mama, zuba mini dankali."

Ba ta yi niyya ba. Leɓen ne ya ɗaga da kansa ta gefen dama, yadda ya saba shekara ashirin da uku. Mutumin ya ga giɓin, ya kawar da kai da sauri irin na mai ladabi.

"Sannu, Mama," in ji shi. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ta sauke leɓen, ta ja mayafi ta rufe, ta sunkuya tana zuba masa dankali a jaka.